Harajin lemon kwalba da tsadar cefane: wa ake yi wa magani?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Ina da tambaya, kuma don Allah a yi mata adalci, ban da zage-zage. Tun watan Yunin 2022 gwamnatin tarayya take karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba da sauran kayan sha masu zaƙi na kamfani. A dokar kuɗi ta 2021 aka saka shi, wadda marigayi Buhari ya sa wa hannu ana gobe sabuwar shekara. Hujjar da aka ba mu ita ce a rage ciwon suga da ƙiba. To ku yi lissafi da kanku: robar lemo ta rabin lita, naira 5 ce ta hau kanta. Naira biyar ɗin da ko ganin ta ma ba a cika yi ba yanzu a kasuwa. Ga shi kuma ƙungiyoyin fafutukar kare haƙƙin jama'a irin su CAPPA suna ta kiran a mayar da shi naira 130 a lita. Idan an yi haka, mutane za su bar lemo su koma abinci mai gina jiki, ko kuwa wani sabon kaya ne za a ɗora wa talaka? Kuma wai ma aikin gwamnati ne ta leƙa tukunyar mutane?

Ɗan Singa:
Wa alaikumus salam. Baban Sadiq, ni da nake sauke lemon nan daga mota kullum bari in ba ka amsa a taƙaice: kuɗi gwamnati take nema, ba lafiyar kowa ba. Daga 2022 zuwa yau kuɗin katan ya fi ninki biyu, ba don harajin ba, don dala da dizal. An daina sha? Ka zo ranar Alhamis ka ga yadda masu biki da masu suna suke lodi a A Daidaita Sahu. Wanda kuɗinsa bai kai na babban kamfani ba sai ya ɗauki na ƙaramin kamfani, wanda ma ya fi zaƙi da kala. Idan aka kai shi 130, kamfani zai ɗora wa dila, dila ya ɗora mana, mu kuma mu ɗora muku. Magana ta ƙare.

Anti Nas:
Alhaji, kai masu lodi kake gani, ni kuma inda wasunsu suke ƙarewa nake gani. Ranar ganin masu ciwon suga, kafin mu ƙaraso benci ya riga ya cika. Da can ciwon tsofaffi ne da masu hali, yanzu har ɗan acaɓa da matar aure mai goyo muna gani a layi. Wani ƙaya ce za ta soke shi a tafin ƙafa, ba zai ma ji ba don jijiyar ta riga ta mutu, sai ya yi ta ɗaurewa da tsumma yana barbaɗa garin magani, sai wari ya hana iyalinsa zama a ɗakin sannan a kawo shi. Irin wannan yatsa ake fara cirewa, wani lokacin har gwiwa. Ga allurar insulin kullum, ga kuɗin tsinken gwaji, ga allurar tana son sanyi babu wuta. Da yawansu a gindin randa suke ajiye ta.

Robar lemo ɗaya ta rabin lita tana ɗauke da sukari sama da giram 50, wato wajen ƙwaya goma sha uku na sukarin kwali. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi babba kada ya wuce kamar giram 50 a wuni gaba ɗaya, in ma da hali ya tsaya a 25. Ke nan roba ɗaya ta cinye rabon wunin, ba a zo ga shayin safe ba. Wa zai zauna ya lissafa ƙwaya goma sha uku ya zuba a kofi ɗaya? Amma a roba muna shanyewa, mu kuma ba yaro ragowar.

Mubarak Tattali:
Alhaji Ɗan Singa, ranka ya daɗe, da izininka zan ɗan ja da kai. Ka ce lemo ya yi tsada kuma ba a daina sha ba. Gaskiya ne, amma ai ba shi kaɗai ya tashi ba. Ruwan leda ya tashi, nono ya tashi, kankana ta tashi, komai tare ya tashi, don haka mai saye bai ga inda zai koma ba. Haraji yana tasiri ne idan abin da ake so a rage shi kaɗai ya yi tsada, sauran suna nan a inda suke.

A Meziko sun sa peso ɗaya a kowace lita a farkon 2014, kusan kashi 10 cikin 100 na farashi, kuma bincike ya nuna saye ya ragu da wajen kashi 6 a shekarar farko, raguwar ta fi yawa a gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Amma wanda ya fi burge ni shi ne na Birtaniya. Su ba lita kawai suka duba ba, yawan sukarin suka bi. Lemon da sukarinsa bai kai giram 5 a mililita 100 ba, babu haraji a kansa. Daga 5 zuwa 8 akwai, daga 8 zuwa sama ya fi nauyi. Sun sanar a 2016, suka fara karɓa a Afrilun 2018, kafin ranar ta zo kamfanoni da yawa sun riga sun rage sukarin da kansu don su tsere wa biya. Mai sha bai canja halinsa ba, abin da ke cikin kwalbar ne ya canja. Namu kuwa naira 10 ce ko ka zuba sukari kaɗan ko ka zuba buhu. To me zai sa mai kamfani ya rage?

Ɗan Singa:
Ɗan boko, ka iya magana. Amma Birtaniya ba Kano ba ce.

Abu Fahad Jidda:
Ai ba sai an je ƙasar Turawa ba. Nan Saudiyya a 2017 aka sa kashi 50 cikin 100 a kan lemo mai gas, kashi 100 a kan na ƙara kuzari. Gidajen abinci kuma dole su rubuta yawan kalori a gefen kowane abinci. Ko hakan ya hana mutane cin kabsa da tsakar dare, wannan kuma wata magana ce.

Alhaji Zango Kumasi:
Mu ma nan Gana an sa kashi 20 cikin 100 a 2023, har da lemon 'ya'yan itace na kwali. 'Yan kasuwa sun yi ta kuka kamar yadda Ɗan Singa yake yi, amma an wuce wurin.

Maman Ilham:
Ni fa duk wannan maganar lemo ba ta dame ni ba, don sai an yi baƙo ko Sallah yake shiga gidana. Ku zo mu yi maganar abin da ake ɗorawa a wuta. Kowa ya san wake ya fi taliyar leda amfani, ba sai likita ya faɗa mini ba. Amma wake sai ya ci gawayi ko gas na awa guda ko fiye, ko da an jefa masa kanwa, taliyar kuwa kafin yaro ya gama neman takalmin makaranta ta dahu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 na koma lissafin wuta kafin lissafin cefane. Ƙwan da a da nake soya wa kowane yaro nasa, yanzu biyu nake fasawa, in cika da albasa da ɗan fulawa, a raba. Kifi sai dai kai, don miya ta yi ƙamshi. Ayaba da lemon zaƙi sun koma tsarabar dubiya, sai wani ya kwanta rashin lafiya ake ganin su. Kullum a rediyo ana cewa a ci abinci mai gina jiki. Da me?

Mubarak Tattali:
Maman Ilham, ko gwamnati ba za ta iya musa miki ba, don alƙalumanta ne suka faɗa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da kuɗin da babba ɗaya yake buƙata a rana don ya ci abinci mai lafiya mafi araha, ba na alfarma ba. A watan Yunin 2024 naira 1,241 ne. A wata ɗaya ya kama 37,230. Miji da mata kawai, ba a sa yaro ko ɗaya ba, 74,460. A watan Yulin shekarar kuma aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ba a yi maganar haya ba, ba a yi ta kuɗin mota ba, kuma lissafin nan na ɗanyen kaya ne, babu kuɗin gawayin da kika ambata a ciki. Abin lura, a lissafin nasu yankinmu na Arewa maso Yamma ne ya fi ko'ina araha, amma kuma mu ne a gaba wajen tamowa. Ke nan ba farashi kaɗai ba ne, har da rashin abin hannu.

Malam Habu Kura:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa, sai yanzu aka zo fagena. Hajiya tana kukan tsadar kayan miya a birni, ni kuma ina nan ina kukan arha a gona, kuma tsakaninmu bai fi tafiyar awa ɗaya a mota ba. Ku zo Kwanar Gafan lokacin da tumatirin rani ya faɗo, wajen watan biyu zuwa na uku. Kwanduna jere har bakin titi, rana tana dukan su, na ƙasa yana matsewa ruwa yana bin ƙasa, ƙuda ya rufe. Dillali ya san ba za ka iya mayar da shi gida ba, don haka sai ya bar ka har la'asar sannan ya taya. Wani lokacin abin da za a ba ka bai biya kuɗin kwandon da na masu tsinka da na mota ba. Wanda ya ƙi sayarwa sai ya yanka ya shanya a ƙasa, ya bushe da yashi a jikinsa, ku saya kuna tsaki. Bayan wata uku damina ta sauka, tumatirin ya ɓace, ku koma na leda, wanda wani ma kala da sitaci sun fi tumatirin yawa a ciki.

Kafin shukar ta kai haka kuwa, ka sayi iri, ka sayi taki, ka sayi fetur na injin ban ruwa in gonarka ba ta kan layin ruwan Tiga, ka sayi maganin feshi saboda sharon, tsutsar nan mai cinye tumatir. Wanda ya ga 2016 ba zai manta da sharon ba, cikin kwanaki kaɗan gona take komawa kamar an bi ta da wuta. A shekarar ne ma aka buɗe kamfanin tumatir na Kadawa muna ta murna, daga baya ya yi ta buɗewa yana rufewa. Motar da za ta kai kaya Legas kuma, a kowace jiha akwai masu tare hanya da sanda mai ƙusa suna yankar rasit. Duk kuɗin nan a kan tukunyar Hajiya yake ƙarewa.

Idan da gaske gwamnati tana so a ci abinci mai kyau da arha, ta yi mana ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana a bakin kasuwa, da wurin busarwa mai tsafta, a maye kwandon kaba da akwatin roba da ba ya matse kaya, a kwashe masu sanda daga hanya. Ba sai an taɓa kuɗin lemo ba tumatir zai sauko.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri, Malam. Wallahi ban da haushin na leda babu abin da nake ji in damina ta yi.

Kwamared Isa:
Ku bar wahalar da kanku. Gwamnatin da take cewa a rage shan zaƙi, ita ce tun 2012 take da babban shirin bunƙasa sukari na ƙasa, tana ba manyan kamfanoni rangwame su shigo da ɗanyen sukari su tace, su kuma buɗe gonakin rake a Numan da Lafiagi da Sunti. Ban ce kada a yi sukari a gida ba. Amma ina babban shirin zogale? Ina na wake da waken suya? Ina na ƙwai? A Yulin 2024 da yunwa ta yi yawa, me aka cire wa harajin shigowa na kwana 150? Masara, alkama, shinkafar da ba a gama gyarawa ba, da wake. In ka cire waken, duk kayan cika ciki ne.

Sannan ku tambaya ina naira goman take shiga. Ba a ware ta don asibiti ba, cikin asusun kowa da kowa take faɗawa. A 2001 a Abuja shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, mu da aka yi taron a gidanmu har yau muna yawo a wajen kashi 5. Ka ƙara haraji zuwa 130 a haka, jeren motocin ofis kawai ka ƙara wa tsawo. Ɓarayin banza.

Shugaban zaure:
Kwamared, hujjarka ta isa ba sai ka haɗa da kalmar ƙarshe ba. A kiyaye.

Malam Habu Kura:
Kwamared ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Cire harajin nan ya sauko da hatsi, mutanen birni sun ji daɗi, ban hana ba. Amma manomin masara da ya sayi taki da tsada ya zo ya sayar da asara, wasu sun rantse sun bar ta. In manomi ya bar gona bana, arhar bara ce za ta zama tsadar baɗi.

Issoufou Maraɗi:
Barkanku da hira, 'yan'uwa. Ina biye da ku daga Maraɗi. Abu guda nike son in ƙara. Sukarin da ya fi shiga cikinmu ba na kwalba ba ne. Ku dubi fada inda samari ka zama suna dafa shayi a ƙaramar buta, zagaye na ɗaya, na biyu, na uku, kowane zagaye sukari ya fi na baya, tun safe har dare. Ku dubi koko, ku dubi hura, wadda iyayenmu da nono kawai suka san ta, yanzu in ba a zuba sukari ba yaro ba ya sha. Wane kwastan za ya bi wannan da haraji? Mu abin da ya cece mu nan shi ne zogale. Ko'ina ka bi a gari akwai mai tallan kwaɗo da dambu, da ƙuli da albasa da ɗan mai, talaka ya ci ya ƙoshi. Ba gwamnati ta koya muna ba.

Anti Nas:
Malam Issoufou, ka gama magana. Ka tsaya teburin mai shayi ka ga cokali nawa yake zubawa, ga madarar gwangwani mai zaƙi a kai, ga burodi. Zoɓo da kunun aya na roba da ake kai wa yara makaranta, wani ya fi lemon kamfani zaƙi, don mai yi ta san in bai yi zaƙi ba ba za a dawo ba. Shi ya sa ni ban taɓa cewa haraji ne maganin ba. Ina goyon bayansa, musamman irin wanda Mubarak ya kwatanta, amma ɓangare ɗaya kawai zai kama.

Kuma muna ta sukari mun manta gishiri, alhali masu hawan jini sun fi masu suga yawa a wurinmu, kuma shi ne yake kai mutane shanyewar ɓarin jiki da wankin ƙoda. Abin da aka ƙayyade wa babba a rana bai kai giram 5 ba, kamar ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙulen da muke jefawa a miya kusan rabinsa gishiri ne. Mace za ta jefa huɗu, ta ƙara farin ɗanɗano, sannan ta ɗauko gishiri. Kuma ba laifinta ba ne gaba ɗaya: miyar da babu nama babu kifi, da me za ta yi daɗi?

Hajiya Babba:
'Yata Nas, da daddawa. Mu da muka taso miyar kuka da daddawa da ɗan busasshen kifi ce, ko miyar yakuwa, ko tafasa, da tuwon dawa ko na gero, kuma muna surfe muna daka muna ɗebo ruwa. Yanzu 'yan mata suna cewa daddawa wari. Amma in faɗi gaskiya ita ma ta yi tsada, don ɗorawar da ake samun kalwa a jikinta masu gawayi sun bi ta da gatari. Gawayin da Maman Ilham take dafa wake da shi, wataƙila ɗorawar ce. In gwamnati tana son aiki, ga shi nan.

Malam Mai Almajirai:
Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. A kan tambayar Baban Sadiq ko hukuma tana da hurumi: abin da mutum zai ci na halal shi ya san cikinsa, kuma an riga an ba mu ma'auni. A Suratul A'araf an ce mu ci mu sha kada mu yi israfi, a hadisi kuma an ce a kasa ciki uku, ɗaya abinci, ɗaya ruwa, ɗaya numfashi. Amma hana algus da cutar da masu saye, wannan aikin hukuma ne tun asali, don shi aka san hisba a kasuwa tun zamanin magabata. Wanda ya ɓoye cuta a cikin abin da yake sayarwa, ba a bar shi da sunan 'yancin kasuwa.

Ɗan Singa:
Allah gafarta Malam, kashi ɗayan na abinci ma yanzu ba ya cika, numfashi ya cinye biyu.

Baban Sadiq:
Alhaji ba ka da dama! Amma maganar Malam ta sa na tuna, ashe akwai dokokin ma. NAFDAC ta hana sa sinadarin bromet a burodi tun zamanin marigayiya Dora Akunyili. Ta kuma fitar da doka a kan kitsen nan da ake daskarar da shi a masana'anta, kada ya wuce giram 2 a cikin giram 100 na mai. Gishirinmu ana sa masa aidin, fulawa da man girki da sukari kuma dole kamfani ya sa musu bitamin A. Ke nan a takarda ba mu da laifi.

Kwamared Isa:
A takarda. Dokar tana bin abin da ke cikin kwali mai lamba. Mutum nawa ne a nan yake sayen mai a rufe? A kwalba ake auna mana, daga jarkar da ba a san inda ta fito ba. Mai tuyar awara a bakin layi man jiya take ƙara wa na yau har ya koma baƙi. Ayaba da mangwaro ana nunar da su da kabaid na masu walda. Wake ana zuba masa fiya-fiya don kada ya yi ƙwari, har Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015 saboda yawan maganin da ta gani a ciki. Su sun ƙi, mu muka ci gaba da ci. Kuma ku duba abin dariya, hannu ɗaya yana cewa rage sukari, ɗayan yana zuba bitamin a cikin sukarin don ya san shi ne abin da ya fi shiga kowane gida.

Malam Habu Kura:
Na waken akwai mafita, buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ɗaurewa iska ba ta shiga, ƙwarin da kansa yake mutuwa ba a sa komai ba. Kuɗinsa ne ya fi na buhun gargajiya, shi ya sa ɗan kasuwa yake zaɓar fiya-fiya. Irin wannan ne ya kamata a sa wa tallafi.

Ummu Hanif:
Ku yi haƙuri in na ɓata wa wani. Ni kunya nake ji in na ji ana maganar ƙiba a ƙasar nan. Binciken lafiya na ƙasa na 2023 zuwa 2024 ya ce yara huɗu cikin goma 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta ce yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na Katsina saboda tamowa a wata shidan farko na 2025. Manoma a Batsari da Jibiya da Zurmi ba sa iya zuwa gona sai sun biya 'yan bindiga. Wannan ne matsalarmu, ba lemo ba. Maganar harajin zaƙi ta waɗanda suka ƙoshi ce.

Anti Nas:
Ummu Hanif, 'yar'uwa, ban ƙi ta taki ba, tsaro ne kan gaba. Amma kada ki raba su biyu, don a gida ɗaya nake ganin su. Uwa ta zo da ƙiba da hawan jini, a bayanta ga yaro ƙafa kamar sillen kara, gashi ya yi ja. Abincinsu ɗaya ne: tuwo, taliya, shinkafa da mai da yaji, koko da sukari. Ita yana tara mata kitse, shi kuma bai ba shi abin gina jiki ba. Yaron yana kuka a ba shi naira ɗari ya sayo biskit da alawa, ciki ya toshe, ya ƙi cin abinci. Kuma yaron da ya tsumbure yana ƙarami, in ya girma ya samu abinci irin wannan, yana cikin waɗanda suga da hawan jini suka fi saurin kamawa. Duk abin da ya sa wake da ƙwai da ganye suka gagari gida, shi ne yake cika mini bencin nan biyu.

Mubarak Tattali:
Shi ya sa ni da za a tambaye ni, in dai za a ƙara harajin, a ɗaure kuɗin da doka a kan ciyar da yara a makaranta. An fara shirin a 2016, 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare, naira 70 a kan kowane yaro, aka dakatar a Janairun 2024 lokacin da aka tsayar da shirye-shiryen tallafi don bincike. Ya sha suka, kuma da dalili. Amma dabarar ba ta da laifi. A Brazil dokar 2009 ta wajabta aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin abincin makaranta a sayi kayan ƙananan manoma da shi. Ku ɗauka makarantun Kura da Bunkure da Garun Malam suna sayen tumatirin Malam Habu da waken maƙwabcinsa da ƙwan matan unguwa. Yaro ya ci, manomi ya samu kasuwar da ba ta jiran la'asar.

Ɗan Singa:
A ɗaure kuɗi da doka a Najeriya? Mubarak, shekararka nawa? Ni dai ina nan a kan bakana. Ranar da na ga ɗakin sanyi a Kwanar Gafan yana aiki, ku zo shagona in sa hannu a ƙara harajin. Kafin nan a bar mu mu ci abinci.

Kwamared Isa:
Yau dai ni da ɗan jari-hujja mun haɗu a layi ɗaya.

Maman Ilham:
Ku dai ku yi ta yi. Anti Nas, kafin su gama gyara ƙasar, garin kunun nan da kuke koya wa mata a awo, ya ake haɗa shi? Autana ya shiga wata takwas, nono kaɗai ba ya riƙe shi, na gwangwani kuma ya fi ƙarfina.

Anti Nas:
Gwangwani shida na gero ko dawa ko masara, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. Ki jiƙa waken suyan ya kwana, ki murje ɓawon ya fita, ki shanya ya bushe sosai. Kowanne ki soya shi daban sama-sama har ya yi ƙamshi, kada ya ƙone, sannan ki haɗa a kai inji. Ki ce wa mai injin ya share shi tukuna, kada ya haɗa miki da barkonon wani. In za ki dama, ki bar shi ya dahu a wuta, ya yi kauri yadda ba zai zube daga cokali ba, don tsululu ruwa ne kawai yake cika masa ciki. In kina da garin zogale ko na busasshen kifi ki barbaɗa kaɗan. Sukari kuma ki bari, in dole ne ki jiƙa dabino ɗaya ki murje a ciki. Kuma ki ci gaba da ba shi nono.

Maman Ilham:
Na gode, Anti. Gyaɗar da jan ɓawonta ake niƙawa?

Anti Nas:
A'a, ki murje ki sheƙe bayan kin soya. Kuma ki tsince duk wadda ta yi baƙi ko ta yi fumfuna ki zubar, kada ki ji asara.